Harshen Bambo Makwinja Ranar Litinin

Shekara goma sha tara na yi ina dafa wa Bambo Wyson Makwinja shayi, amma ko kurɓi ɗaya bai taɓa haɗiyewa ba. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya tofar a bokiti, ya matsa kofi na gaba. Aikinsa ke nan. Shi ne babban mai haɗa shayi a masana'antarmu da ke gindin dutsen Mulanje, duk ganyen da aka tsinko a gonakin kamfani, tun daga shigowarsa ɗanye har fitarsa a buhu, abin da bakinsa ya faɗa shi ake bi. Ni kuwa ni ce mai ɗakin ɗanɗano. Asiyatu sunana, amma ba mai kirana haka sai uwata, kowa Abiti Kalinde yake ce mini, da sunan mahaifina, yadda mu 'yan ƙabilar Yao muke kiran 'ya'ya mata. Bambo kuwa a wajenmu kamar a ce Malam ne, Mayi kamar a ce Malama.

Aikina ba shi da wuya a ido. Ƙarfe bakwai na safe a kawo mini samfur daga injin busarwa, in auna, in zuba tafasasshen ruwa, in jira minti shida cif, in tace a fararen kofuna in jera a dogon tebur. Ragowar busasshen ganyen in zuba a ɗan gwangwani, in rubuta rana da lokaci a jiki, shi ya sa hannu, in ɗora a kanta, sai ya yi wata uku a zubar. Ina gama jerawa sai ka ji takun takalmi, ga mutumina nan: gajere, mai tumbi, kai tal ba gashi, cikin farar rigar aiki da matarsa Mayi Dorika ke gogewa har rigar tana iya tsayawa da kanta.

"Abiti, mun tashi lafiya? Yau me 'ya'yana suka ce?"

'Ya'yan nasa kofunan ne. Zai ɗebi shayi a cokali ya zuƙe shi fuuut, da ƙarar da ake ji har ofishin manaja, ya lumshe ido. Sai ka ji ya ce wannan ruwa ya doke shi a kwando, wannan an danne shi a mota ya yi zafi, wannan kuma daga gonar bayan coci aka tsinko shi, kuma an wuce ganye biyu da toho an haɗo da tsofaffi. A je a bincika, wallahi haka ne. Ni Musulma ce, ban yarda da tsafi ba, amma a shekarata ta farko sai na yi addu'a kafin in wanke cokalinsa.

Da shara ya fara. Yana ɗan shekara goma sha bakwai aka ɗauke shi sharar ƙasan masana'anta, wata rana ya jingine tsintsiya ya ce wa Baturen da ke riƙe da aikin a lokacin ganye na ƙonewa. Bature ya duba ma'aunin zafi ya ce ƙarya ne, ya kore shi waje. Bayan rabin awa aka fito da ganye baƙi ƙirin, sai ga shi ana cigiyar mai shara. Labarin nan na ji shi a bakinsa ya fi sau ɗari, kuma kowace shekara Baturen ƙara tsawo yake yi.

Mutum ne da ba ka iya fushi da shi ya kai yamma. Ma'aikata sun fi ɗari biyu, ya san sunan 'ya'yan kowa, ya san mai tari ya san wanda ya faɗi jarrabawa. In aka yi rasuwa shi ne na farko a bakin kabari, ya naɗe wando ya karɓi shebur, ko ɗan coci ne ko ɗan masallaci. Da mijina ya rasu, doka ta ce in bar gidan kamfani cikin wata ɗaya, tunda da sunansa aka bayar, ni kuma matsayina bai kai na gida ba. Bambo Makwinja ya ɗauki kujera ya zauna a ƙofar ofishin manaja na wancan lokacin har kwana uku. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, gaisuwa kawai yake yi duk wucewar mutumin, har ya gaji ya sa hannu. A gidan na raini 'ya'yana huɗu. Ku riƙe wannan, don in kuka ji abin da na yi daga baya kada ku yi saurin zagina.

Aibinsa ɗaya ne, kuma rana ɗaya gare shi a mako. Ran Lahadi ana tashi daga coci sai ya kai Mayi Dorika gida, ya ci tuwon nsima da wake, ya cire kwat, ya hau keke zuwa bayan kasuwa, gidan wata mata mai tatsar kachasu. Giyar masara ce fara tas kamar ruwan famfo, in ta zube a ƙasa kaji ma kewaye wurin suke yi. A nan shi da abokansa suke buga darar bawo a gindin mangwaro, suna gardamar ƙwallo da ta siyasa. Kafin magariba zai dawo yana tura keken, in ka hango su ba ka sanin wa ke riƙe da wani.

Daga Litinin zuwa Asabar kuwa ko warinta ba ya shaƙa, da wannan ma yake tunƙaho.

"Abiti, tsakaninki da Allah, kin taɓa ganina a buge a bakin aiki?"

"Ban taɓa ba, Bambo."

"To shi ke nan. Ta Lahadi a Lahadi take ƙarewa."

Nan ya yi kuskure, don ta Lahadi sai azahar ɗin Litinin take sakinsa, shi ma da ƙyar. Ran Litinin ya fi kowa sammako, ya fi kowa tsafta, ya aske gemu har da yanke kansa, yana tauna ɗanyar citta. Amma idon nan ja wur, hannu na ɗan karkarwa, gumi na tsattsafowa a saman kai ko da sanyi ake yi. Ba ya son ƙara, ba ya son haske, doguwar magana kuwa kamar ana buga masa ƙusa. Duk abin da zai kawo ƙarshen magana da sauri, shi ne hukuncinsa. In hutu kake so, ka zo Litinin ka yi magana da ƙarfi kusa da kunnensa, kafin ka rufe baki ya ce je ka. Akwai Litinin ɗin da ya ba mutum goma sha ɗaya hutu a tsakiyar damina, lokacin da ganye ya fi yawa, ran Talata ya shigo ya ga wuri wayam yana tambaya wa ya rasu. In kuwa laifi gare ka, ko na makarar minti biyar ne, to ka shige bayan buhuna sai gobe, don a Litinin tsakanin gaisuwa da kora babu komai. Ya taɓa sa a naɗe bakin jiniyar tashi da buhu. Ya taɓa sa a sare gwaibar da ke bayan tagarsa wai tsuntsaye sun dame shi, washegari ya tsaya a kan kututturen kamar zai yi kuka, yana cewa wane mara imani ne ya yi wannan aiki.

Mu kuma, maimakon mu gaya masa, sai muka koyi kewaye shi. Ba taro aka yi ba, ba wanda ya ce a yi, a hankali abin ya zama tsarin aiki. Maigadi in ya ga yadda ya sauko daga keke sai ya juya hularsa baya, kowa ya shiga hankalinsa. Akawu duk takardar da aka sa wa hannu ran Litinin sai ya jefa ta a aljihun tebur, ran Talata ya sake miƙa masa sabuwa kamar ba a yi ba. Mutum nawa ya kora ran Litinin suka dawo aiki ran Talata, shi bai ma san ya kore su ba? Ni na san bakwai. Muna yi muna dariya, a ganinmu ƙauna muke nuna masa, kuma ƙaunar ce.

Babban ɓoyon kuwa a ɗakina yake. Ragowar giya ba kai kaɗai take kamawa ba, harshe da hanci take fara kashewa. Ran Litinin da safe komai ɗaya yake ji a bakinsa, ɗaci-ɗaci haka, sai ya ɗauka shayin ne duk ya zo daidai. Ni kuma tun zuwana, in ya gama ya fita, kafin in wanke kofuna sai in ɗanɗana abin da ya rage ina tuna abin da ya faɗa a kan kowanne. Da farko wasa ne. A shekara ta huɗu na wayi gari ina sanin abin da zai faɗa kafin ya buɗe baki.

Wata Litinin ya zuƙi wani kofi da wuta ta ci sosai, ya ce a wuce da shi. Ni kuwa tun ina tacewa na ji ƙaurin. Mace mai wanke kofi, wadda ta tsaya a aji shida, ta ce wa Makwinja harshensa ya yi kure? Sai na yi masa tambayar wawaye.

"Bambo, na ukun nan kamar yana ɗan ƙauri, ko hancina ne?"

Ya dawo ya sake zuƙa, ya daɗe ido a rufe. "Ƙonewa ya yi mana, ai yanzu nake shirin dawowa kansa. A ce su rage wuta. Kin fara koyo, Abiti, ki ci gaba da tambaya."

Daga ranar, shekara goma sha biyar, kowace Litinin ni ce harshensa. In yi tambaya shi ya yanke hukunci, kuma har ga Allah ya ɗauka nasa ne. Yabona ma yake yi a gaban mutane, wai Abiti akwai son koyo, musamman farkon mako. Hutuna na shekara da rani nake ɗauka, lokacin da ake rufe injuna don gyara. Ko zazzaɓi nake yi, ran Litinin ina tsaye a bakin teburin nan.

Sai wata Janairu, damina ta yi tsakiya, 'yata Patuma ta fara naƙudar fari a Zomba ran Lahadi, aka aiko wai abin ya zo da gardama. Ban tuna da shayi ba, ban tuna da Makwinja ba, na ɗaura zane na hau mota. Allah ya sauke ta lafiya ran Litinin da hantsi, aka samu namiji. Sai ran Laraba na dawo, da murnata da 'yar tsarabar busasshen kifi, na tarar da masana'anta tsit, injin busarwa a kashe, mutane na magana ƙasa-ƙasa.

Mai kula da injin busarwa Bambo Lastone Nampinga ne, dogo siriri mara magana, shekara ashirin da biyu yana gaban wuta har gashin girarsa ya daina fitowa. Shi da matarsa da 'ya'ya shida da tsohuwarsa makauniya, duka suna gidan kamfani mai ɗaki biyu a layinmu. Na same shi a ƙofar gida yana ɗaure tukwane da igiya. An ba shi takardar kora, ran Juma'a da safe motar kamfani za ta zo ta kwashe su. Zuwa ina? Ƙauyensu ya bari tun yana saurayi, gonar gidansu 'yan'uwa sun raba tuntuni.

"Achimwene, ɗan'uwana, me ya faru?"

Bai daina ɗaurin ba. Ya ce ran Litinin da asuba ya ji ƙaurin hayaƙi a iskar da ke shiga injin, ya san bututun tanda ya tsage a wani wuri. Ya je ya ce wa Bambo Makwinja a tsayar da wuta. Makwinja ya ɗanɗana samfurin ƙarfe bakwai, wanda wata daga sashen buhu ta dafa a madadina, ya ce shayi tas yake.

"Ƙarfe tara na koma na sake faɗa masa. Ya riƙe kai da hannu biyu ya ce, Nampinga, ni da kai wa ke da hanci a kamfanin nan? Ga ganye ya taru yana neman ruɓewa, kana ce mini in kashe wuta? In na sake ganin ƙafarka a ɗakin nan yau, ka ajiye mini rigar aiki. To sai na koma na ci gaba da zuba itace."

Shayin yini guda aka busar cikin hayaƙi, aka tankaɗe, aka juye a manyan rumbunan da ke ɗauke da na mako biyu, wanda ake shirin kaiwa gwanjo a Limbe. Ran Talata Makwinja tun daga bakin ƙofa ya ji ƙauri, ya jefar da keke ya ruga yana ihu a kashe wuta. Amma an riga an gauraya, shayi kuwa in ya sha hayaƙi ba mai saye. Manaja, Bwana Thawani, ya kira su biyun. Makwinja ya rantse cewa ƙarfe bakwai shayi lafiya lau yake, shi ya ɗanɗana da bakinsa, don haka daga baya bututun ya tsage, mai injin kuma ya yi sakaci bai dawo ya faɗa ba. Zuwan ƙarfe tara ya ce sam bai tuna da shi ba. Ba ƙarya ya shirya ba, na san shi, abin da ya yarda da shi ya faɗa. Manaja ya dubi mutumin da harshensa bai taɓa kure ba a sanin kowa, ya dubi mai zuba itace, ya san wanda zai gaskata. Wannan karon kuma takardar daga ofishin manaja ta fito, ba aljihun tebur da zai ɓoye ta.

Kowa a masana'anta ya san gaskiya, har maigadin da ya juya hularsa a ranar, amma ba wanda ya buɗe baki. Wa zai je ya ce wa manaja shekara da shekaru muna rufa wa babban mai haɗa shayi asiri? Shi kansa Nampinga bai ambaci giya ba a ofis. Na ce masa don me, ya ce, "Mutumin da ya ɗauki gawar ɗana a kafaɗa? Haba, Abiti." Na rasa ko in mare shi ko in rungume shi.

Na koma gida raina a jagule. Rufin da ke kaina Makwinja ne ya tsaya mini a kai. In na yi magana na zubar masa da mutunci, wataƙila har aikinsa, ga shi saura shekara biyu ya huta da girmansa. In na yi shiru, jibi mutum tara suna bakin titi a tsakiyar damina. Kuma laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, ni ce na sa ya yarda yana da abin da ba shi da shi.

Ran Alhamis an gyara bututu, aiki ya tashi. Na jera kofuna shida kamar kullum, na ƙara na bakwai. Shi wannan daga wani gwangwani na kan kanta na ɗebo shi. Ya shigo ba fara'a, cikin kwana biyun nan duk ya faɗa.

"Barka da jika, Abiti. Da wa ya yi kama?"

"Kakansa sak."

Ya yi ɗan murmushi ya ɗauki cokali. Na ɗaya, na biyu, har na shida, yana faɗin abin da ya saba. Ya zuƙi na bakwai, bai ko juya shi a baki ba ya feso shi a ƙasa, bai kai ga bokiti ba.

"Kai! Wa ya kawo mini tokar nan? Hayaƙi ne zalla, ko jariri ya ji shi! Daga rumbun da ya lalace kika ɗebo?"

Na miƙa masa gwangwanin. Litinin, ƙarfe bakwai na safe, ga sa hannunsa a ƙasa da alamar da yake yi in shayi ya wuce. Ya karanta ya sake karantawa.

"An canza gwangwani."

"Ba a canza ba, Bambo."

"To a kan kanta ya kama ƙauri."

"Murfinsa a rufe yake gam, kai ka koya mini rufewa."

Ya zauna a kan kujerata, abin da bai taɓa yi ba. "Abiti, wannan na zuƙa na ce tas yake? Ina jin mura nake yi ranar."

Nan haƙurina ya ƙare, ni kuwa bakina in ya ɓalle ba linzami. Na ce, "Wace mura? Murar gidan mai kachasu? Bambo, ran Litinin ba ka da harshe, ba ka da hanci! Ko ruwan wanki na zuba maka cewa za ka yi a kai Limbe. Shekara goma sha biyar ni nake ɗanɗana maka, in yi maka tambayar wawaye kai kuma ka ɗauka. Akawu na ɓoye takardunka, maigadi na juya hula, har masu tsinkar ganye sun sani, kai kaɗai ne ba ka sani ba. Ga shi sau ɗaya na je ganin 'yata, gobe za a zubar da Nampinga da makauniyar uwarsa a bakin hanya!" Ina faɗa ina kuka, don tausayinsa ya fi ƙarfin fushin.

Ya ajiye gwangwanin a kan tebur. Can ya ce, da wata 'yar ƙaramar murya, "Ni fa na ɗauka koya miki nake yi."

"Ka koya mini, Bambo. Duk abin da na sani a bakinka na ji."

"Shekara goma sha biyar ina shigowa ina buga ƙirji, kuna kallona."

"Ba kallon raini ba ne, wallahi. Son ka muke yi."

"Da kun gaya mini tun Litinin ta farko, da kunyar yini ɗaya zan ji."

Maganar nan har yau tana ci na. Ya tambaye ni ko da gaske Nampinga ya dawo ƙarfe tara, na gaya masa abin da ya ce wa mutumin, ya rufe fuska da tafin hannu. Sai ya miƙe ya gyara farar rigarsa, ya saka maɓallin wuya, ya ce in sake dafa kofi ɗaya daga gwangwanin in ɗora a faranti in biyo shi. Ni da na gama balbala sai ga shi tsoro ya kama ni. Na ce mu tsaya mu yi tunani tukuna, a ce bututun ne ya ruɗe kowa, a roƙi manaja ya sassauta wa Nampinga.

"Kewaye-kewayen ya isa haka, Abiti. Ɗauko farantin."

Muka ratsa tsakar masana'anta, shi gaba ni baya da faranti, kowa ya bar abin da yake yi yana kallo. A ofis ya ajiye kofin a gaban Bwana Thawani ya ce ya kurɓa. Manaja ya kurɓa ya yamutse fuska, Makwinja ya ɗora gwangwanin kusa da shi.

"Bwana, wannan ni na wuce da shi. Nampinga ya zo mini sau biyu na kore shi. Na sha ran Lahadi, kamar yadda nake sha kowace Lahadi, ran Litinin kuma ashe ba na jin ɗanɗanon komai. Yau na sani."

Bai ambaci akawu ba, bai ambaci maigadi ba. Ni kaɗai ya ambata, ya ce in ana neman wanda ya san shayi a kamfanin nan, ga ta nan riƙe da faranti. Manaja ya cire tabarau ya murza ido.

"Bambo Makwinja, ka san abin da kake yi kuwa? Masu kamfani sun ce sai an ba su sunan mutum ɗaya, na riga na ba su. In na canza, naka zan ba su."

"Ai nawa ne."

"Saura shekara biyu ka huta."

"Na sani, Bwana. Nampinga saura kwana ɗaya."

Manaja ya yi masa abin da zai iya, aka rubuta cewa shi ya nemi ajiye aiki saboda rashin lafiya, ba korarsa aka yi ba. Amma gidan babban mai haɗa shayi da ke kan tudu, mai baranda da lambu, dole a bar wa sabon da za a kawo daga Blantyre. Aka ba Makwinja wata guda ya shirya, ya ce ba ya so, ba zai iya wata guda yana jin jiniya daga baranda ba, tunda mota za ta zo gobe a bari ta zo. Mayi Dorika da ta ji cewa ta yi, shekara talatin tana faɗa masa bai ji ba, sai da kofi ya faɗa masa. Daga nan ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta fara cire labule.

Ni ba a ba ni kujerarsa ba, ba ni da takardar makaranta, amma sabon da aka kawo an ce masa kada ya sa hannu sai na kurɓa. Makwinja kuma ya koma ƙauyensu wajen Phalombe yana noman wake, ya yi shekara tara kafin Allah ya karɓi abinsa. Ba zan ce ya daina sha ba, ƙarya ba kyau. Mayi Dorika ta ce ya dai rage, kuma in ya sha, washegari ko kaza aka ce a sayar sai ya ce a bari sai gobe.

Safiyar Juma'ar nan kuwa ana yayyafi. Tun yammacin Alhamis aka gaya wa Nampinga an janye takardarsa, amma ya ƙi kwance kaya, ya ce sai ya gani da idonsa. Motar ta shigo layinmu tana nishi cikin taɓo, ta rage gudu a ƙofarsa, direba ya leƙo.

"Nampinga, janye tukwanenka daga hanya, ba kai na zo ɗauka ba!"

Ta wuce ta hau tudu. Nampinga ya bi ta da kallo har ta tsaya. Sai ya tsugunna ya kwance igiyoyin kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su a kafaɗa, ya kama hanyar tudun, ni da rabin mutanen layi muka bi shi. Can muka tarar an loda kaya har sama, kabad na tangal-tangal, babu igiya ko ɗaya, don mutumin da ya yi shekara ashirin bai tashi ba ina zai tuna da igiya. Ga Makwinja a tsaye cikin wata 'yar shara, ba farar riga, duk ya zama ƙarami. Shi ne ya fara magana da ya ga Nampinga.

"Achimwene, ka zo mini sau biyu."

"Sau biyu."

"Ka yafe mini."

Nampinga ya sauke igiyoyin daga kafaɗa. Ya wurga igiya ta saman kabad ɗin ya ce, "Kama can, Bambo. A'a, ba haka ba, ta ƙarƙashi za ka bi da ita. Kai dai ban da shayi ba abin da ka iya."

"Shayin ma ban da Litinin."

Aka kwashe da dariya, masu share ido na sharewa. Da aka gama ɗauri Nampinga ya ce hanyar Phalombe ba kyau, sai da mai riƙe kabad, ya ɗare saman kaya ya zauna cikin yayyafin, ko da yake ranar aiki ce. Manaja na tsaye a bakin ofis da motar ta wuce, ya juya baya yana duba wata takarda.

Da na sauko layi na tarar da tsohuwar Nampinga, wadda muke ce wa Agogo, wato kaka, zaune a bakin ƙofa, tun asuba ta ƙanƙame ƙullin kayanta a cinya. Ta karkata kunne tana bin ƙarar motar har ta ɓace.

"Wace ce nan? Abiti? Motar ta tafi ta bar mu?"

"Ta tafi, Agogo. Kuna nan, ba inda za ku."

"To wa ta ɗauka?"

Na karɓi ƙullin daga cinyarta na kai mata ɗaki, na daɗe a ciki, sai da na fito na iya faɗa mata sunansa.